Yaran Da Aka Dawo Da Su Daga Ƙetare: Wane Aji Za A Sa Su?

Yau filin namu zai nufi kudancin Jihar Sakkwato ne, ƙasar Tambuwal da Kebbe, domin mu duba wata matsala wadda ba a cika jin ta a rediyo ba, amma tana hana iyaye mata da yawa barci. Ita ce matsalar yaran da aka haifa a wata ƙasa, ko suka yi wayo a can, sa'an nan aka dawo da su gida aka shiga nema musu wuri a makarantar gwamnati.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne wata baiwar Allah da na zauna da ita kwanakin baya a wani ƙauye da ke tsakanin Tambuwal da Dogon Daji. Shekararta 14 a Jidda tana aikatau a gidajen Larabawa, mai gidanta kuma yana 'yan buge-bugensa, har ranar da aka kama su saboda ba su da igama, watau takardar izinin zama, aka tsare su, aka zubo su a jirgi. Ta iso gida da 'ya'ya uku: mace mai shekara 12, namiji mai shekara 9, da auta mai shekara 5. Babbar ta iya karatun Larabci da rubutunsa, ta yi nisa a hadda, kuma ita ce mai riƙe wa uwar lissafin kuɗi tun suna can. A wata makarantar unguwa ta koya, irin wadda mutanenmu kan haɗa kuɗi su buɗe wa 'ya'yansu, tun da yake kai yaro makarantar hukuma yana da wuya ga iyayen da ke ɓuyar 'yan sanda.

Uwar ba ta yi sanya ba. Ta ja su ukun zuwa firamaren garin, kuma ta ce mini hedimasta ya karɓe ta da mutunci, ba ta da kuka a kansa. Ya tambayi takardar canjin makaranta, babu. Ya tambayi takardar haihuwa, babu. Ya buɗe littafin Turanci na aji uku ya miƙa wa babbar, ta dubi baƙaƙen, ta dubi uwarta. Uwar ta ce, "Ranka shi daɗe, ɗiyag ga hwa ta san karatu, sai dai na Larabci ta sani." Ya ce, "Hajiya, na yarda da maganarki, amma nan boko muke yi. Sai dai ta fara daga aji ɗaya." Haka aka yi. Yarinya mai shekara 12 ta zauna a tabarma ɗaya da 'yan shekara shida, suna kiranta uwar aji. Mako uku ta yi ta ce ko za a yanka ta ba ta komawa. Namijin yana nan yana zuwa. Ita kuwa tana tallan ƙosai da safe, kuma har an fara aiko wa ƙanin ubanta da maganar aurenta.

To, jama'a, ba a hana yarinyar nan wuri ba. An ba ta. Abin da ba a yi ba shi ne auna abin da ta zo da shi a ka, a ajiye ta inda ya dace da ita. A ganina nan ne gizo ke saƙa, kuma 'ya'ya mata ne suka fi faɗawa cikin saƙar.

Kada wata ta ɗauka wannan baƙon abu ne, ko kuwa na mutum ɗaya ko biyu ne. Mutanen wannan yanki matafiya ne tun kaka da kakanni. Hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Tambuwal ta nufi Jega tsohuwar hanyar fatake ce, masu zuwa Gwanja sayen goro, kuma da yawansu sun yi aure a zangon Kumasi sun haifi 'ya'ya a can. Masu niyyar Hajji a ƙasa kuwa sukan yi shekaru a Sudan suna noman auduga suna tara guziri, waɗansu har abada. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi, jama'arsa da suka tsira sun bi ɗansa Mai Wurno har bakin kogin Nilu, inda suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa har yau. Wanda ya tafi kuwa, wata rana dole ko son rai yakan dawo da shi. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su tattara nasu ya nasu. A watan Janairu na 2014 an kwaso 'yan Nijeriya fiye da 1,000 daga Jumhuriyar Afirka ta Tsakiya, cikinsu har da waɗanda ba su taɓa taka ƙasar nan ba. Sa'udiyya ta yi manyan shara na baƙi a 2013 da 2017, kuma a Janairun 2021 jirage sun sauke ɗaruruwan mutanenmu a Abuja. Tun daga 2017 ake ta maido da dubbai daga Libiya. Tun daga 2019 kuma 'yan bindiga suka kori dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa Jihar Maraɗi ta Nijar, inda 'ya'yansu suka shiga makarantun can. A kowane ayari daga cikin waɗannan akwai uwa da goyo a baya da wani a hannu.

Na tuna sa'ad da yaƙin Sudan ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023. Gwamnati ta kwaso mutane fiye da 2,000, yawancinsu ɗaliban jami'a, kuma ba a daɗe ba hukumar JAMB ta fito da tsarin yadda jami'o'inmu za su karɓe su su ci gaba daga inda suka tsaya. An kyauta ƙwarai. Amma ɗalibin jami'a yana da baki, yana da ƙungiya, yana da ɗan majalisar da zai ɗaga masa waya. 'Yar aji huɗu ba ta da kowa sai uwarta.

Bari mu duba abin da doka ta ce, domin da yawa daga cikinmu mukan shiga ofishin hedimasta kamar masu roƙon alfarma, alhali kuwa hakkinmu muka je karɓa. Sashe na 25 na Tsarin Mulkin 1999 ya nuna duk wanda aka haifa a wajen Nijeriya, muddin ɗaya daga cikin iyayensa ɗan ƙasar nan ne, to, shi ma ɗan ƙasa ne tun ranar haihuwarsa. A lura da kyau, ɗaya daga cikin iyaye aka ce, ba uba kaɗai ba. Matar da ta auri Basudane ko mutumin Nijar, aure ya mutu ko miji ya rasu, ta dawo da 'ya'ya, 'ya'yan nan 'yan Nijeriya ne ta wajenta. Sa'an nan ga dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta ɗora wa gwamnati nauyin ba kowane yaro ilmi kyauta na shekara tara, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. A birnin Sakkwato ma aka ƙaddamar da shirin, ranar 30 ga Satumba, 1999, a hannun Shugaba Obasanjo, wanda shi ne dai ya buɗe firamare kyauta a 1976 yana mulkin soja. Dokar ta ce wanda ya karɓi kuɗin makaranta a waɗannan azuzuwa ana iya cin sa tarar da ba ta wuce Naira 10,000 ba, ko ɗaurin wata uku. Ta kuma tanadi hukunci ga iyayen da suka ƙi kai yaro: gargaɗi a karon farko, tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya a karo na biyu. Ita kanta Jihar Sakkwato ta kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi a ƙarshen 2015, zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, wanda ya wakilci mazaɓar Kebbe da Tambuwal a Majalisar Wakilai daga 2003 zuwa 2015, kuma a 2021 ya sa hannu a dokar kare yara ta jihar. Ashe ke nan ba rashin doka ke damunmu ba.

Maganar takardu ita ce tuntuɓen farko, amma ita ce mai sauƙin magani. Wadda aka kama a titi aka kai gidan tsaro ba ta da damar komawa ɗaki ta ɗauko katin jarrabawar yaro. Wadda ta gudo daga yaƙi da ranta ta gudo. Hedimasta kuwa yana da rajista mai gurbin ranar haihuwa da gurbin makarantar da aka baro, kuma mai duba makarantu zai zo ya buɗe ta. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a rubuta yaro ya fara zama a aji, a ba uwar wa'adin zango ɗaya ta kawo abin da za ta iya samu. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke rajistar haihuwa, kuma tana da ma'aikata a ƙananan hukumomi. Akwai takardar rantsuwar shekaru da ake yi a kotu. Akwai takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda kan bi ta hannun mai unguwa da hakimi, mutanen da suka san kakan yaron tun kafin ya tafi.

Nan zan ɗan ja kunnenmu mu iyaye. Akwai mai ba da shawarar a rage wa yarinya shekara uku a takarda don ta dace da ajin da aka sa ta, ko a rubuta an haife ta a Sanyinna ko Kuchi alhali a Makka aka haife ta, wai don a huta da tambayoyi. Hutun na ɗan lokaci ne. Tun daga 2021 ba a rubuta jarrabawar shiga jami'a sai da lambar ɗan ƙasa ta NIN, kuma abin da aka shigar a kwamfuta gyaransa sai an sha wuya an kashe kuɗi. A faɗi gaskiya tun farko. Waɗanda har yanzu suke can kuwa, ko suke da 'yan'uwa a can, a isar musu da wannan saƙo: duk wata takarda mai sunan yaro, katin rigakafi ne, katin asibitin da aka haife shi ne, sakamakon jarrabawa ne, ko takardar tafiya ta gaggawa da ofishin jakadanci kan bayar, a ɗauki hotonta da waya a aika wa wani a gida. Jaka takan ɓace, amma abin da aka riga aka aika yana nan.

Yanzu sai babbar maganar, watau harshe da aji. Yaran nan ba iri ɗaya ba ne. Wanda ya taso daga Gana da Turancinsa ya zo, wani lokaci ma ya fi 'yan ajinsa. Wanda ya taso daga Nijar ko Binin ko Kwaddibuwa da Faransanci ya yi karatu. A Nijar, ko da yake sabuwar dokar ƙasar ta Maris 2025 ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, yawancin yaran da suka yi firamare a can da Faransanci suka yi ta. Amma firamarensu shekara shida ce kamar tamu, kuma baƙaƙen boko ɗaya ne. Yaron da ya kai aji biyar a Maraɗi ya san raba lamba da ninka ta, kuma in aka ba shi littafin Hausa, kafin sati biyu zai karanta shi. Mai da irin wannan yaro aji ɗaya don bai san ma'anar kalmar Turanci ba, asara ce tsagwaronta.

Wanda ya taso daga Makka ko Jidda ko Sudan shi ne ya fi shan wuya, domin hannunsa ya saba tafiya daga dama zuwa hagu, kuma har lambobinsa dabam suke. Biyar ɗinsu kama take da sifirinmu, sifirinsu ɗigo ne kawai, shidansu kuwa sai ka rantse bakwai ce. Malami ya ce biyu a tara da uku, yarinya ta rubuta amsa daidai da lambar da ta sani, shi kuwa ya ga sifiri, ya ja mata jan biro. Ta ci, an ce ta faɗi. Da ya tambaye ta da baki da Hausa, da ya ji amsa kafin ya rufe baki. Yarinyar da ta iya karanta shafi guda na Larabci ta riga ta haye babban kogin, domin ta san cewa baƙi yana ɗauke da sauti, sauti ya haɗu ya ba da kalma. Abin da ya rage mata koyon sababbin baƙaƙe ne, aikin 'yan watanni, ba na shekara shida ba.

Wannan ma ba sabon abu ba ne a ƙasar Tambuwal. Marigayi Shaihu Abubakar Gumi ya shiga elementare ta Dogon Daji a shekarun 1930 bayan ya riga ya yi nisa a karatu wajen mahaifinsa, daga nan ya wuce Midil ta Sakkwato, ya yi karatu a Sudan, har ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962. Larabcin da ya shiga da shi bai zame masa cikas ba, jari ya zame masa.

Ƙasashen da suka saba karɓar yara daga waje sun daɗe da gane wannan. A Ingila shekarun yaro ake dubawa a sa shi cikin tsaransa, ko da bai iya Turanci ba, sa'an nan a taimaka masa da harshen. A Faransa akan jarraba sabon zuwa da harshen da ya yi karatu da shi, a ga iyakar saninsa na karatu da lissafi, a sa shi aji na sosai, a ware masa sa'o'in koyon Faransanci, kuma ƙa'idarsu ita ce kada tazarar shekarunsa da na 'yan ajin ta wuce biyu. Wata za ta ce ai su masu kuɗi ne. Gaskiya ne. Amma tambayar yarinya lissafi da Hausa ba ya cin ko kwabo, kuma babu firamaren da za a rasa malamin Larabci ko na addini a cikinta ko kusa da ita, wanda zai iya zama da yarinya rabin sa'a ya gaya wa hedimasta inda karatunta ya kai.

Sai dai fa al'amarin ya ƙara tsauri ta wani gefe. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa har shekara shida, abin da zai sauƙaƙa wa yaron da ya dawo da Hausarsa ta gida. A watan Nuwamba na 2025 kuma Ministan Ilmi, Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke wannan tsari, aka koma Turanci. Ko mene ne hujjar masu wannan ra'ayi, ga yaron da ya zo da Larabci ko Faransanci, tsani guda aka cire masa. Duk da haka littattafan Mu Karanta na Hausa, waɗanda aka shigo da su firamarorin Sakkwato da Bauci a shekarun baya don 'yan aji ɗaya zuwa uku, sun isa su zame masa gada zuwa baƙaƙen boko, in an sami mai zama da shi bayan an tashi.

Akwai kuma ƙofofi biyu da iyaye mata da yawa ba su san da su ba. Ta farko, Jihar Sakkwato tana da Hukumar Ilmin Larabci da Addinin Musulunci, da makarantun gwamnati inda ake haɗa Larabci da boko, kuma akwai hukumar jarrabawa ta ƙasa, NBAIS, wadda takardarta ke kai ɗalibi jami'a. A irin wannan makaranta yarinyar da aka kira uwar aji ita za a riƙa tambaya. Ta biyu, a 2022 an ƙaddamar da wani tsarin karatun gaggawa na ƙasa domin yaran da shekarunsu suka wuce ajinsu, daga 10 zuwa 18, wanda ya dunƙule karatun shekara tara cikin shekara uku, yaro ya gama mataki ya koma makaranta ta sosai. Kamar don waɗannan yara aka yi shi. Tambayar da ya kamata kowace uwa ta yi a ofishin ilmi na ƙaramar hukuma ita ce, ina ajin nan yake mafi kusa da garinmu?

Kada kuma mu ɗora wa hedimasta laifin duniya. Mutumin da ke da aji cike maƙil, malamai kaɗan, rufi yana yoyo, ba shi da sararin zama da yaro ɗaya. A ƙasar Kebbe ma abin ya ninku, domin 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka, mutane sun tattaru a manyan garuruwa da 'ya'yansu, su ma wuri suke nema. A watan Disamba na 2020, bayan sace ɗaliban Ƙanƙara, gwamnatin jihar ta rufe makarantun kwana 16 na bakin iyaka, har da sakandaren Kebbe da firamaren kwana ta Jabo. Bayan wata shida aka sace ɗalibai a kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri, nan maƙwabta a Jihar Kebbi. Tun daga lokacin uwa ba ta sakin 'yarta zuwa makaranta mai nisa da kwanciyar rai. Saboda haka in makarantar da ta dace da yarinya tana birnin Sakkwato, kimanin kilomita 100 daga Tambuwal, ga yawancin iyaye daidai take da babu. Dole maganin ya kasance a firamaren da ke bayan gida.

Me ya sa na ce mata ne suka fi cutuwa? Namiji in an mai da shi aji ɗaya zai ji kunya, amma yana da lokaci. Ko ya gama firamare yana da shekara 16 ba wanda zai ce ya yi kwantai. Mace kuwa kwanakinta a ƙirge suke. In ta shiga aji ɗaya da shekara 12, sai ta kai 18 za ta gama aji shida, kuma mu duka mun san ba za a jira ta ba. Ga kuma lokacin zuwa. Makarantunmu a Satumba suke fara sabuwar shekara, amma jirgin da ke maido da mutane ba ya duba kalandar makaranta. Wadda ta sauka a Fabrairu aka ce mata ta jira Satumba, an ba ta wata bakwai ke nan na zaman gida, kuma wata bakwai sun isa a ɗora wa yarinya farantin talla, sun isa wani ya gani ya ce yana so. Bugu da ƙari, uwar da ta dawo hannu rabbana ba a gidanta take ba. A ɗakin da surukai ko 'yan'uwa suka ara mata take, tana cin tuwonsu, bakinta bai da ƙarfi in aka zo shawarar 'yarta. Ana yi mata kallon wadda ta je Makka ta dawo ba ko zobe. 'Ya'yanta kuma ana kwaikwayon Hausarsu ana dariya, ana kiransu 'yan takari. Ba kowace yarinya ce ke iya jure wannan a gida sa'an nan ta je ta jure wani a aji ba.

Roƙona ga Sakatarorin Ilmi na Tambuwal da Kebbe, da Hukumar Ilmin Bai-ɗaya ta Jiha da ke sama da su, bai wuce takarda shafi ɗaya ba, wadda za a aika wa kowane hedimasta. A ce masa ya karɓi yaron da ya dawo daga waje a kowane watan shekara. A ce ya rubuta shi ko babu takarda, a biyo da ita daga baya. A ce a jarraba shi da Hausa da kuma harshen da ya yi karatu da shi, kuma kada a ajiye shi nesa da tsaransa. Hedimastan da ke da irin wannan umurni a aljihun teburinsa ba zai ji tsoron mai duba makarantu ba. Yanzu kuwa kowa da ra'ayinsa yake yanke hukunci, mai tausayi ya sa yarinya aji huɗu, mai tsoron tambaya ya sa ta aji ɗaya.

Mu ma mata akwai namu. Kowace firamare ya kamata a ce tana da kwamitin kula da makaranta na jama'ar gari, kuma a garuruwa da yawa na Sakkwato an kafa ƙungiyoyin iyaye mata a zamanin shirin ilmin 'ya'ya mata na UNICEF. Ranar da aka ce wance ta dawo, gari duka kan je yi mata barka da zuwa, a sha ruwan Zamzam in ta samu ta riƙo. A cikin masu zuwa barkan nan, a sami mace ɗaya da za ta ce, "Yaya, gobe in Allah ya kai mu zan zo in raka ki makaranta da yaran nan." Wadda ta yi shekara 14 a waje ba ta san wane ne Sakataren Ilmi ba, ba ta san ofishinsa ba, kuma kunya ba za ta bar ta ta tambaya ba. 'Yanmatan da suka gama sakandare suna zaune a gida kuma, ga aikin lada: sa'a ɗaya da la'asar, allo da alli, a koya wa baƙuwa baƙaƙen boko da lambobinmu. A ƙasar da Nana Asma'u ta tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata, wannan ba abin da za a jira gwamnati ba ne.

Ita dai wannan baiwar Allah da na ba ku labarinta, kafin in bar garin mun zauna da malamin Larabcin makarantar. Ya ba yarinyar littafi ta karanta masa shafi biyu ba gargada, ya yi mata tambayoyin lissafi da baki ta amsa, ya ce zai yi wa hedimasta magana a gwada ta a aji biyar, shi kuma ya ɗauki nauyin koya mata baƙaƙen boko. Yarinyar ta ce in dai ba ajin yara ba ne za ta koma. Saura ƙanin uban. Ya ce masu neman auren sun ce za su dawo in an kai amfanin gona gida, kuma bai ba su amsa ba tukuna.